Turbobin tarihi na Grand Canyon: wacce ta dace da ƙafarka da kwanakinka?

Duk wanda ya ware kwana ɗaya ko biyu don ziyartar gandun ƙasa na Grand Canyon, a jihar Arizona ta Amurka, da zarar ya buɗe taswira sai ya rasa inda zai sa gaba. A gefen kudu kaɗai, inda galibin baƙi ke sauka, tsofaffin turbobi da dama ne ke gangarawa cikin kwazazzabon, huɗu daga cikinsu za mu duba: Bright Angel, South Kaibab, Hermit da Grandview. Ga kuma ta biyar, wadda ba ta gangarawa, bakin kwazazzabon take bi tana ratsa tsofaffin gine-ginen da gwamnati ta sa a rajistar kayan tarihi. A hoto dukkansu kyau ɗaya gare su. A ƙasa kuwa, bambancin da ke tsakaninsu yakan kai ga batun rai.

Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, kowace turba tana ɗauke da halin mutanen da suka sare ta da buƙatar da ta sa suka sare ta. Wadda manoma suka bi saboda ruwa, har gobe akwai ruwa a kanta. Wadda injiniyoyi suka fasa da nakiya saboda sauri, saurin ke gare ta, babu ko ɗigon ruwa. Wadda aka yi wa alfadaran ɗaukar ma'adini, ba ta san tausayin gwiwar ɗan Adam ba. In ka san tarihin turba, ka san rabin abin da za ta yi wa jikinka.

Mene ne kariyar hukuma a nan?

Shugaba Theodore Roosevelt ne ya fara sa wurin ƙarƙashin kariya mai ƙarfi a 1908, sannan majalisa ta mai da shi gandun ƙasa a 1919. Kariyar gine-gine daga baya ta zo. Dokar adana kayan tarihi ta 1966 ta kafa rajistar wuraren tarihi ta ƙasa, kuma sama da ita akwai wani matsayi mafi girma da ake ba wuraren da suka shafi tarihin ƙasar baki ɗaya. A 1987 otel ɗin El Tovar da gine-gine huɗu na mai zanen gini Mary Colter suka sami wannan babban matsayi. A 1997 aka ba tsohuwar unguwar ƙauyen Grand Canyon gaba ɗayanta wannan matsayi.

Ga baƙo, ma'anar wannan biyu ce. Ta farko, ba a taɓa ginin da gyara sai an duba abin da gyaran zai yi wa asalinsa, shi ya sa za ka tarar da ƙananan ɗakuna da ƙunƙuntun matakala yadda magina suka bar su. Ta biyu, duk abin da ka gani a ƙasa, ko da tsatsattsen gwangwani ne na masu haƙar ma'adinai, laifi ne ka sa shi a jaka. Sai dai takarda ba ta kashe gobara. Babban masaukin gefen arewa, wanda aka gina a 1928, ya ƙone a 1932, aka sake gina shi a 1937, sai ga wutar daji ta sake cinye shi a watan Yuli na 2025. Wannan rashi ya yi mini ciwo, kuma shi ne dalilin da ya sa ba na ba kowa shawarar ya bar gine-ginen gefen kudu sai wani zuwan.

Ma'aunan da za mu yi awo da su

Kuɗi shi ne mafi sauƙi, domin kuɗin shiga ɗaya ne ko wace turba za ka bi. Mota tana biyan dala 35 na kwana bakwai, mai shiga da ƙafa ko keke dala 20. Daga farkon 2026 an ɗora wa baƙin da ba mazauna Amurka ba, masu shekara 16 zuwa sama, ƙarin dala 100 kowane mutum a manyan gandaye 11, har da wannan, sai fa in sun sayi katin shekara na dala 250. Motocin bas da ke zagaye cikin gandun kyauta ne. Tafiyar yini ɗaya ba ta buƙatar takardar izini a kowace turba. Kwana a ƙasa ne ke buƙatarta, kuma a nan ne kuɗi ke fara bambanta.

Na biyu ruwa da inuwa, kuma shi ne ma'aunin da na fi ba nauyi. Bakin kwazazzabon yana sama da mita 2,000 daga matakin teku, iska mai sanyi ke kaɗawa a can, sai mutum ya ɗauka haka ƙasan yake. Alhali kana gangarawa zafi na ƙaruwa, har a gindin kogin Colorado ma'auni kan haura digiri 40 a watannin Yuni, Yuli da Agusta.

Na uku wahalar dawowa. Mai hawan dutse yakan sha wuya da safe yana da ƙarfi, ya huta a gangara da yamma. A nan abin a juye yake: sauƙin ne ke zuwa farko, hawan yana jiranka lokacin da ƙarfi ya ƙare, rana ta take. Jami'an gandun suna cewa ka lissafa wa hawa ninki biyu na lokacin da gangara ta ci, kuma kowace shekara mutum sama da 250 suke cetowa daga cikin kwazazzabon.

Sauran ma'aunan su ne halin turbar, wato ko ana gyara ta a kai a kai ko an bar ta da Allah, sai yawan tarihin da ido zai gani a kanta, sai irin haɗarin da ya keɓanta da ita.

Turbar baki: gine-gine ba tare da gangara ba

Tsawonta kusan kilomita 21 ne, daga mafarin South Kaibab a gabas zuwa Hermits Rest a yamma, galibinta shimfiɗe da kwalta, wasu sassan ma keken guragu na bi. Ba dole ka gama ta ba, domin tashoshin bas suna kusa da ita, in ka gaji sai ka hau. Mutane da yawa suna raina ta, suna ganin wanda bai gangara ba bai zo ba. Ni ban yarda da wannan ba. In gine-ginen tarihi ne suka kawo ka, babu turbar da ta kama ƙafar wannan.

A tsakiyar ƙauyen, cikin tafiyar da ba ta kai kilomita ɗaya ba, za ka ga yadda jirgin ƙasa ya mai da wannan jeji wurin baƙi. Layin dogo na kamfanin Santa Fe ya iso daga garin Williams a 1901, kuma tashar da aka gina da gumagumen itace bayan 'yan shekaru tana aiki har yanzu. A kan tudun da ke samanta El Tovar yake, otel ɗin da Charles Whittlesey ya zana, aka buɗe a 1905. Daura da shi ga Hopi House, na shekarar 1905 shi ma, wanda Mary Colter ta kwaikwayo daga gidajen dutse na mutanen Hopi a tsohon garin Oraibi. In ka ci gaba yamma za ka isa Bright Angel Lodge na 1935. Shiga ɗakin tarihinsa ka tsaya gaban murhu: Colter ta sa an jera duwatsunsa bisa tsarin shimfiɗun kwazazzabon, na gindin kogi a ƙasa, na baki a can sama. Minti biyar a gaban murhun nan zai sa ka fahimci abin da kake kallo a waje. A bayan masaukin akwai bukkar Buckey O'Neill ta shekarun 1890, mafi tsufan ginin da ya rage a wurin. Mai ita ya mutu a yaƙin Kyuba a 1898 yana cikin rundunar Roosevelt.

Gaba kaɗan gine-gine biyu ne maƙale a bakin rami. Lookout Studio na 1914, wanda Colter ta gina da dutsen wurin har daga nesa ba ka raba shi da tsaunin, sai ɗakin hoto na 'yan'uwa biyu, Ellsworth da Emery Kolb, da suka fara a 1904. Su ne ke ɗaukar hoton baƙi a kan alfadarai da safe, sannan ɗayansu ya ruga kilomita bakwai zuwa ƙasa inda ruwa mai tsabta yake, ya wanke hotunan, ya hauro kafin baƙin su dawo.

A ƙarshen yamma Hermits Rest yake, shi ma na 1914, da ƙaton murhunsa da aka shafa wa baƙin hayaƙi da gangan don ya yi kama da tsoho. Daga 1 ga Maris zuwa ƙarshen Nuwamba motocin mutane ba sa bin wannan titi, sai bas. Hasumiyar Desert View ta 1932 ba ta kan turbar, tana wajen kilomita 40 gabas da ƙauyen, sai da mota. Tsayinta mita 21, ƙarfe a ciki dutse a waje, kuma zanen bangon cikinta aikin Fred Kabotie ne, mai zane ɗan ƙabilar Hopi. Gaskiya ce kamfani ne ya gina waɗannan wurare da kamannin gidajen 'yan asalin ƙasar don ya ja baƙi ya sayar musu da kaya. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne yanzu ƙabilu 11 masu alaƙa da kwazazzabon suna da ta cewa a kan yadda ake ba da labarin Desert View.

Haɗarin wannan turba kaɗan ne, amma na gaske ne. Wurare da dama babu shinge, kuma masu matsawa baki don hoto su ne ke faɗawa. Daga Yuli zuwa Satumba hadari kan taso da rana, kuma bakin kwazazzabo ba wurin tsayuwa ba ne in ana tsawa.

Bright Angel: turbar ruwa

Tun kafin Turawa su zo, mutanen Havasupai ke bin wannan tsaga ta dutse zuwa wani fili mai idon ruwa inda suke noma. A farkon shekarun 1890 Ralph Cameron da abokansa suka faɗaɗa ta, ya yi rajistar filayen ma'adini a kanta don ya riƙe ta, ya kafa ƙofa yana karɓar dala ɗaya daga duk mai wucewa. Kotun Ƙoli ta rushe da'awarsa a 1920, amma a shekarar ce ya ci zaɓen majalisar dattawa, ya ci gaba da jan rigimar daga can. Sai a 1928 turbar ta koma hannun hukumar gandaye. A wannan shekarar kuma aka kori Bahavasupen ƙarshe da ke zaune a filin noman. Sunan da Turawa suka laƙaba wa filin ya daɗe yana ƙona ran ƙabilar, sai a 2022 aka sauya shi zuwa Havasupai Gardens bisa roƙonsu. In ka zauna hutawa a inuwar bishiyoyin wurin, ka tuna gonar wasu ce.

Wannan ita ce turbar da aka fi kula da ita. Mafarinta na cikin ƙauyen, kusa da ɗakin hoton Kolb, ba ka buƙatar bas. Tana da faɗi, gangararta a hankali take saboda yawan lanƙwasa, kuma tana da zango-zango da ke sauƙaƙa yanke shawarar juyawa. Rumfar hutu ta farko tana kilomita 2.4, zurfin mita 340. Ta biyu kilomita 4.8, zurfin kusan mita 645. Havasupai Gardens kilomita 7.2, zurfin mita 925. Rumfunan dutsen nan matasan da gwamnati ta ɗauka aiki lokacin karayar tattalin arzikin shekarun 1930 ne suka gina su. Kusa da ramin farko da aka huda cikin dutse, in ka ɗaga kai, akwai jajayen zane-zanen mutanen da a jikin bango.

Ruwan famfo yana zuwa rumfunan biyu a watannin zafi, a Havasupai Gardens kuwa duk shekara. Amma kada ka dogara da shi ido rufe. Bututun da ke kawo shi tun shekarun 1960 aka shimfiɗa, ya sha fashewa, kuma aikin sauya shi da aka fara a 2023 ya sa ana rufe wasu sassan turbar na watanni. Tambayi jami'ai halin famfo da halin hanya a safiyar da za ka gangara.

Aibinta uku ne. Cunkoso, musamman a kilomita biyun farko. Alfadarai, waɗanda su ke da hanya: in sun taho sai ka raɓe ta gefen dutse, ka yi shiru, ka bi umarnin mai jan su. Sai kallo, domin turbar cikin tsaga take, ganin da kake yi daga sama kusan shi za ka yi ta gani har ka kai filin noman. A hunturu kuma inuwar da ke cetonka a zafi ita ke hana ƙanƙara narkewa a saman turbar, sai an ɗaura wa takalmi ƙarafan riƙe ƙanƙara. Kada kuma ka miƙa wa kuregen wurin abinci, cizonsu na cikin raunukan da aka fi kai wa asibitin gandun.

South Kaibab: turbar doron tsauni

Haushin kuɗin Cameron ne ya haifi wannan. Da hukumar gandaye ta ga ba za ta sami Bright Angel da wuri ba, sai ta fasa tata tsakanin 1924 da 1925, da nakiya da injin huda dutse, ta bi doron tsauni kai tsaye zuwa kogi. A 1928 aka gama baƙar gadar da ke rataye a kan Colorado. Igiyoyin ƙarfenta sun fi ƙarfin alfadari, sai maza wajen 40, akasarinsu Havasupai, suka jeru suka saɓa kowace igiya a kafaɗa suka gangara da ita.

Tunda doro take bi, ko'ina buɗe yake. Tun daga Ooh Aah Point, kusan kilomita ɗaya da rabi daga sama, kwazazzabon ke buɗewa gabas da yamma. Cedar Ridge na kilomita 2.4, zurfin mita 340, akwai banɗaki. Skeleton Point na kilomita 4.8, zurfin mita 620, daga nan ake fara hango kogin. In aka zo batun kallo, wahalar awa biyu a nan ta fi ta awa huɗu a Bright Angel riba, wannan ba na tantama a kansa.

Buɗewar nan ita ce kuma masifarta. Babu ruwa daga sama har ƙasa, inuwa sai 'yar kaɗan, iska na dukanka ta kowane gefe. Hukuma na gargaɗin kada a wuce Cedar Ridge a watannin zafi, kada kuma mai tafiyar yini ɗaya ya wuce Skeleton Point a kowane lokaci. Gyara dai ana yi mata sosai, domin ta nan alfadaran kaya ke bi. Ba a ajiye mota a mafarinta, sai ka hau bas. Gine-gine kuwa babu na a zo a gani sai ka kai gada, turbar kanta ita ce kayan tarihin.

Hermit: daular da aka bari

Kamfanin Santa Fe shi ma ya gaji da Cameron, sai ya gina tasa turbar a wajejen 1911 zuwa 1912, zuwa wani sansanin alfarma da ya kafa a ƙasa. A zamaninta babu kamarta: an daɓe saman da sassaƙaƙƙun duwatsu da hannu, an yi rumfunan hutu, daga baya har keken igiya aka ja daga Pima Point don saukar da kaya. Sunan ya samo asali daga Louis Boucher, mai neman ma'adini ɗan Kanada da ya zauna shi kaɗai kusa da Dripping Springs. Da aka soke kuɗin wucewa ta Bright Angel, sai amfanin sansanin ya ƙare, aka rufe shi a 1930.

Abin da za ka taka yau ragowar wannan aiki ne. Inda daɓen ya tsira, kyansa na sa mutum ya tsaya. Inda dutse ya zabtaro, sai ka nemi hanya da ido. Idon ruwan Santa Maria, mai 'yar rumfar dutse, yana wajen kilomita 4, zurfin kusan mita 500, kuma ruwansa sai an tace ko an sa masa magani. A jikin farin dutsen yashi na saman turbar ana ganin sawun ƙananan dabbobin da suka rayu tun kafin zamanin dinoso. Mutane kaɗan ne, wanda daɗi ne ga mai son shiru, haɗari ne ga wanda ya gurɗe ƙafa. Yamma take kallo, saboda haka ranar la'asar a kan mai hawa take sauka. Ka kuma san lokacin bas na ƙarshe daga Hermits Rest.

Grandview: turbar masu haƙar jan ƙarfe

Pete Berry ya sare ta a 1892 zuwa 1893 don fito da jan ƙarfe daga mahaƙarsa ta Last Chance a kan Horseshoe Mesa. Ma'adinin yana da kyau har ya ci lambar yabo a baje kolin Chicago na 1893, amma kuɗin fito da shi ya cinye ribar, aka daina haƙa a 1907. Mahaƙar na cikin rajistar wuraren tarihi. A kan tudun akwai kangon ginin dutse da tarkacen kayan aiki.

Ita ce mafi tsayuwa cikin huɗun: kusan kilomita 5 kacal, amma zurfin wajen mita 760. A wasu wurare an tokare turbar da gumagumai a jikin bangon dutse, ƙunƙuntacciya, rami a gefe. Babu ruwa a kanta. A hunturu ƙanƙara kan mai da samanta tarko. Ramukan haƙar ba a shiga. Mai jin jiri in ya leƙa ƙasa ya haƙura da ita.

| Turba | Zangon yini ɗaya, zuwa kawai | Ruwa da inuwa | Gyara | Tarihin da za a gani | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ta baki | Gwargwadon ƙarfinka, har kilomita 21 | Ruwa a ƙauye da Hermits Rest | Sosai | Mafi yawan gine-gine | Baki marar shinge, tsawa |
| Bright Angel | Kilomita 2.4 zuwa 7.2 | Famfo a zanguna, inuwa da dama | Sosai | Rumfuna, zanen dutse, filin Havasupai | Zarcewa saboda sauƙin gangara |
| South Kaibab | Kilomita 1.5 zuwa 4.8 | Babu ruwa, inuwa kaɗan | Sosai | Aikin fasa dutse, gada a ƙasa | Zafi da ƙishirwa |
| Hermit | Wajen kilomita 4 | Idon ruwa, sai an tace | Kaɗan | Tsohon daɓe, rumfar Santa Maria | Zabtarewar dutse, kaɗaici |
| Grandview | Wajen kilomita 5 | Babu ruwa | Kaɗan | Kangon mahaƙa | Tsayuwa da santsi |

In za ka kwana

A sama, El Tovar ne mafi tsada, ɗakunansa 78 ne kawai, kuma kaɗan daga cikinsu ke kallon kwazazzabon, kada ka biya da zaton taga za ta ba ka abin da ka gani a hoto. Bright Angel Lodge ya fi araha nesa ba kusa ba, musamman ɗakunan da ake tarayya a banɗaki, ga shi shi ma ginin tarihi ne a bakin kwazazzabon. In ni ne, nan zan kwana, in je El Tovar cin abinci.

A ƙasa Phantom Ranch ne kaɗai masauki mai rufi. Colter ta zana bukkokinsa na dutse da katako a 1922, kuma har yau alfadarai ke kai masa kaya su fito da wasiƙu. Ƙuri'a ake shiga wata 15 kafin lokacin. Wanda bai dace ba sai ya nemi izinin kafa tanti a sansanin Bright Angel ko Havasupai Gardens ta shafin Recreation.gov, inda ake biyan kuɗin nema da na kowane dare. Masu kwana sukan gangara ta South Kaibab, kilomita 11.3, su hauro ta Bright Angel, kilomita 15.3, domin hawa ne ke buƙatar famfo da inuwa. Zuwa kogi da dawowa a yini ɗaya kuwa, hukuma ta ce kada a gwada, ni ma haka na ce.

Wa ya dace da wacce?

In kana tare da dattawa, ƙananan yara ko mai keken guragu, ko kuma gine-ginen ne suka kawo ka, ka tsaya a turbar baki. Ka ba ƙauyen safiya guda, Hermits Rest yamma, Desert View washegari.

In wannan ne zuwanka na farko kuma lokacin zafi ne, Bright Angel, ka fita tun asuba, ka juya a rumfar farko ko ta biyu, ka kasance a sama kafin ƙarfe 10. Tsakanin 10 na safe da 4 na yamma ba lokacin tafiya ba ne. Ka haɗa ruwan da abinci mai gishiri, domin ɗirkar ruwa zalla cikin gumi na iya rage gishirin jini har mutum ya faɗi.

In awa uku kawai gare ka, lokacin kuma Maris, Afrilu, Oktoba ko Nuwamba ne, kana son kallon da ya fi kowane, South Kaibab zuwa Cedar Ridge, da duk ruwan da za ka sha a bayanka.

In ka taɓa bin waɗancan biyun, ƙafarka ta saba da dutse, kana kuma son ka ga aikin hannun magina ba tare da hayaniya ba, Hermit zuwa Santa Maria. Grandview ta ƙwararru ce masu sha'awar tarihin haƙar ma'adinai, a busasshen yanayi, su biyu ko fiye, bayan sun gaya wa wani a sama lokacin da za su dawo.

Wanda kuma yake da kwana uku da haƙurin shiga ƙuri'a tun bara, ya gangara ta South Kaibab, ya tsallaka baƙar gada, ya kwana biyu a Phantom Ranch don gwiwoyi su huta, ya hauro ta Bright Angel in sassanta na ƙasa a buɗe suke a watan.